Yadda muka auna lafiyar fadamar Kogin Kaduna

Firojet ɗin makaranta ne ya kai mu bakin Kogin Kaduna, malaminmu ya ce mu duba yadda gine-gine da shara suka taɓa fadama, tun daga wajen Malali da Unguwar Rimi har ƙasa can Nasarawa da Kakuri. Duk wanda zai yi irin wannan aikin, abu na farko da zan gaya masa kar ya sake ya dogara da mita ita kaɗai.

Mitar da muka aro tana auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, da oksijin ɗin da ke cikin ruwa. To shi pH kusan duk inda muka tsoma yana tsakanin 6.5 da 8.5, wato iyakar da aka sa wa ruwan sha, wanda ya ga takarda sai ya ce ai lafiya lau, alhali kana tsaye a wurin kana toshe hanci. Oksijin ya fi faɗin gaskiya, in ya yi ƙasa da miligiram 5 a lita kifi ya fara jin jiki, amma shi ma na asuba daban na la'asar daban, saboda gansakuka da rana tana sakin iskar da dare kuma ta zuƙe, dole ka tsayar da lokaci ɗaya. Kuma in kana son ganin ainihin abin da kwatocin Kakuri da Makera ke zubawa ka bari sai Maris ko Afrilu, da damina ruwa ya yi yawa ya ɓoye komai.

Ni abin da ya fi gamsar da ni ƙwari ne wallahi. Tsohon gidan sauro muka ɗinke a jikin waya, mutum ɗaya ya riƙe a ƙasan ruwa ɗaya kuma ya dinga tumurmusa duwatsu da ƙafa, sai a juye a farin faranti. Can sama inda gidaje suka yi baya za ka ga wani ɗan siririn ƙwaro mai jela uku yana ta wutsil-wutsil, shi wannan ba ya zama a ruwa mai datti. Da ka gangaro bakin kwata kuwa babu shi sam, sai jajayen tsutsotsi kamar zare cikin baƙin taɓo, su ko oksijin ya kusa ƙarewa suna nan abinsu. Mita na gaya maka halin ruwan a minti ɗin nan ne kawai, su kuwa ƙwarin nan watanni suke yi a ciki.

Sai gwajin gwangwani. Ka fasa gindinsa ka kafa shi a ƙasa ka cika da ruwa ka duba agogo. A lambun alayyafo nan da nan ƙasa ta shanye, amma a filin da tifa ta yi wa ciko da jar ƙasa za ka gaji da tsugunno ruwan na nan. Aikin fadama ke nan dai, in kogi ya cika ta karɓi rarar ta riƙe ta saki a hankali, in an danƙare ta da siminti ruwan ba ɓacewa zai yi ba, ɗakin wani zai shiga, mutanen Kigo Road sun fi ni sanin wannan, ga ambaliyar 2003 ga ta 2012.

Hotunan tauraron ɗan adam ma sun taimaka, na Landsat kyauta ne tun 2008 kuma suna komawa baya har 1972, sai dai kowane ɗigo a na baya-bayan nan mita 30 ne, gida ɗaya ba ya fitowa sosai, gara ka haɗa da tsofaffin hotunan Google Earth.

Amma fa wani dattijo masunci ne ya nuna mana abin da babu a hoto. Ya ce ɗana ka ga wancan katangar, da kududdufi ne, duk damina tarwaɗa da ƙarfasa nan suke hawowa su yi ƙwai, yanzu masu ɗibar yashi sun zurfafa cikin kogin an kuma toshe mashigar, ruwa ba ya kaiwa. Na ce Baba tun yaushe, ya ce tun kafin a haife ka ake cin fadamar kaɗan-kaɗan. Daga nan muka ƙara layi a fom ɗinmu: shin ruwan kogi na iya shiga wurin ya fita? A ganina wannan tambayar ta fi duk lambobin da muka tara nauyi.

Sannan kafin ka fito da tef da littafi ka fara zuwa ka gaida mai unguwa, ka ɗauki yaro ɗan wurin ya raka ka. Mutanen bakin ruwa suna ganin baƙo yana awo hankalinsu ke tashi, zatonsu rusau ne ya zo, kuma in suka ɗauke ka a haka ko sannu ba za ka samu ba balle labarin inda ruwa ya tsaya bara.