Hannun Kawu lafiyarsa ƙalau, ashe a kai ciwon yake

Wata takwas ke nan da faruwar abin, sai yau na samu natsuwar rubuta shi. Kawuna mahauci ne a nan Garwa, shekara talatin da wani abu yana riƙe da wuƙa, ran wata Talata cikin zafin nan na Afrilu yana yanka wa wata mata nama kawai sai wuƙar ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya buɗe baki zai yi magana harshen ya ƙi, baki ya karkace. Aka ɗora shi a kilando, babur ɗin haya, aka kai shi gida, gida fa, ba asibiti ba. Goggo ta ce iska ce ta buge shi, wani maƙwabci ya ce a'a jijiya ce ta hau kan jijiya, aka kawo man shanu da man zafi aka yi ta murza hannun har la'asar. Ni ma da ni aka yi murzar, ba zan ɓoye ba.

Sai bayan magariba muka kai shi. Likitan, wani siririn mutum mai jin Hausa sama-sama, ya tambaye mu ƙarfe nawa abin ya fara, muka ce wajen goma na safe, ya kalli agogo bai ce komai ba. Da aka yi sikana, wato hoton cikin kai, ya kira ni ya ce hannun nan da kuka wuni kuna murzawa babu abin da ya same shi, jini ne ya daina zuwa wani wuri a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. AVC suke ce masa da Faransanci, mu kuma shanyewar ɓarin jiki.

Tun ranar nake ta tunanin kalmar nan jijiya, don ni dai a ganina ita ta ɓatar da mu. Bututun da jini ke bi jijiya muke ce masa, farin zaren da ke kai saƙo daga kai zuwa hannu shi ma jijiya, mai taurin nan da ke hana mutum tauna nama ita ma jijiya. Abu uku daban daban suna ɗaya, to in aka ce maka ciwon jijiya ne ai hannunka man zafi zai nufa.

Na yi ta karatu a waya cikin dare ina jinya, ga abin da na tsinta. Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum, amma ita ke shanye wajen kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbu, ba ta ajiye komai, jini na tsayawa minti kaɗan ta fara mutuwa. Hanya huɗu jinin ke bi ya hau. Biyu ta gaban wuya, sa yatsa a gefen maƙogwaro ka ji suna bugawa. Biyu ta baya, su waɗannan ta cikin 'yan ramuka da ke gefen ƙasusuwan wuya suke ratsawa, su shiga ƙoƙon kai su haɗe su zama ɗaya. A ƙasan ƙwaƙwalwa kuma na gaba da na baya duk sun haɗu sun yi zobe kamar shataletale, wani likitan Ingila Thomas Willis ne ya yi bayaninsa a 1664 har ake kiran zoben da sunansa. Hikimar ita ce in hanya ɗaya ta toshe jini zai iya zagayowa ta wata, sai dai ba kowa ne zobensa ya cika ba, kuma in toshewar ta wuce shataletalen ta shiga reshe to babu ta inda za a zagayo. Na Kawu a reshe ne, wanda ke shayar da gefen ƙwaƙwalwa inda ake juya fuska da hannu, kuma yawancin mutane magana a hagu take, shi ya sa ta tafi tare da hannun. Hagu kuma ya taɓa dama ne saboda zaren saƙon suna gitta juna a gindin ƙwaƙwalwa kafin su gangara cikin laka.

Laka kam na santa tun ina yaro, ita muke zuƙowa daga ƙashin wuyan rago a romo. Na je wurin yaron Kawu na ce ya sara min wuya in duba, ga ta nan fara, taushi kamar awara, a tsakiyar ramin ƙashi. Ta mutum tsawonta wajen santimita 45, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, jijiyoyi 31 na fita ta dama 31 ta hagu. Ƙasusuwan baya 33 ne, bakwai na wuya, kuma wallahi raƙumin dawan Waza da duk dogon wuyansa shi ma bakwai ɗin ne. Abin da ya fi ba ni mamaki, lakar ba ta kai ƙarshen baya ba, a saman ƙugu ta tsaya, daga nan sai zare zare da likitoci ke kira jelar doki. Shi ya sa lokacin sanƙarau in za a ɗebi ruwan baya can ƙasa ake soka allura inda babu laka, mu kuma nan unguwa muna ta cewa allurar ce ke gurgunta yara.

Likitan ya ce akwai maganin narkar da gudan jini amma cikin awa huɗu da rabi ake ba da shi, kuma sai an yi sikana tukun, don wani toshewa ce wani kuma jijiyar ce ta fashe, in ka ba mai fashewa aspirin ka ƙara masa. Ya kuma yi mana faɗa kan kunun da Goggo ta ɗura masa, wai haɗiya kan lalace abin ya bi ta huhu. Tansiyon ɗin Kawu kuwa, wato hawan jini, da aka auna ya hau sosai, shi da bai taɓa aunawa ba a rayuwarsa.

Yanzu yana takawa da sanda, maganar ta dawo rabi, hannun ne dai har yau. Jiya na zauna ina yi masa bayanin zoben nan da hanyoyi huɗu, ya saurara ya saurara, sai ya miƙo hannun hagu ya karɓi ƙashin wuyan da na kawo ya juya shi ya nuna min ɗan ramin gefe da farce. Na ce Kawu ashe ka san shi. Ya daɗe yana neman kalmar kafin ya ce, ɗana, wa ya sara wannan, ya ɓata nama.