Ba kowane ƙulli a hoton ƙwaƙwalwa ne kansa ba

Yayata ta yi fama da kansar mama, aka yi mata aiki, ta samu sauƙi. Kwatsam sai ga ciwon kai mai tsanani, da amai da sassafe, hannunta na hagu kuma ya fara sakewa, ko kofi ba ta iya riƙewa. Hoton ƙwaƙwalwa da ake kira CT ya nuna ƙulli guda, da zobe mai haske kewaye da shi. Nan take aka ce kansar ce ta haura ƙwaƙwalwa, mu shirya a gasa ƙullin da na'urar asibiti.

Allah ya haɗa mu da wata likita da ta ce mu dakata. Ta sa aka yi wani hoton da ake kira MRI da allurar da ke haska hoton, sannan aka ɗebo ɗan abu daga ƙullin aka gwada. Ashe ƙwayar tarin fuka ce ta yi gida a wurin. Ta sha magani na watanni, alhamdulillahi hannun ya dawo.

Gaskiya ne kansar huhu, ta mama, ta ƙoda da ta fata sukan bazu zuwa ƙwaƙwalwa. Amma ƙurji mai mugunya, da tarin fuka, da kansar da ta tsiro a ƙwaƙwalwar kanta, duk suna iya fitowa da wannan zobe. A wani bincike na 1990 a Amurka, mutum 6 cikin 54 da ake zaton kansa ce ta bazu musu, gwaji ya nuna ba ita ba ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau, tarihin ciwonta ya rufe wa kowa ido, babu wanda ya bi ta kan zufar dare da zazzaɓin da take ta faɗa, alhali suna iya zama alamun tarin fuka.