'Yan aji shida da darasin shanyewar ɓarin jiki

Yau a makarantarmu nan Daura mun ajiye lissafi, wata ma'aikaciyar jinya ta karɓi allo don ta koya wa 'yan aji shida alamomin shanyewar ɓarin jiki. Ta ce su yi murmushi, su ɗaga hannu biyu, su maimaita "ina kwana". In baki ya karkace gefe guda, ko hannu ɗaya ya faɗi, ko magana ta harɗe farat ɗaya, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Sai asibiti, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi ake ba da shi, bayan an yi hoton ƙwaƙwalwa.

Wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malama, da bakin Kakanmu ya karkace, cewa aka yi iska ce, aka ɗura masa rubutu." Malamar ba ta kushe addu'a ba. Ta ce a yi ta a hanyar asibiti, amma kada a ba shi ruwa ko abinci, don yana iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa.

Ni dai na gamsu. Da hantsi maza suna kasuwa ko gona, yaran nan ne ake aika kai wa tsofaffi fura, su za su fara gani. Aikin gidansu na yau: kowa ya tambayi Baba da Inna yaushe rabon su da awon hawan jini.