Rancen gida na NHF: takardar fili ce ta cinye min rangwamen

Tun da na kama aiki ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashina duk wata, ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992. Da haya ta ishe ni, sai na nemi rancen gini daga asusun. Rangwamen gaskiya ne. Ruwan kashi 6 ne, ana iya biya har shekara 30, alhali bankunan kasuwa sama da kashi 20 suke nema. Batun halascin ruwan kuwa, kowa ya tuntuɓi malaminsa.

Cike fom bai ba ni wahala ba. A kan takardar fili aka yi ta. Abin da ke hannuna takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu, irin wadda duk unguwarmu ake saye da sayarwa da ita. Ma'aikacin bankin ya juya ta gaba da baya, ya turo min ita bisa tebur, ya ce, "Malam, wannan ba ta jinginuwa, sai C of O," wato takardar mallakar fili ta gwamnati. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka, jinginar ma sai da yardarsa.

Nan na shiga je-ka-ka-dawo. Kuɗin safiyo, kuɗin ƙasa, yau fayil na sama, gobe mai sa hannu ya yi tafiya. Ina wannan zirga-zirga a 2023 buhun siminti na wajen naira 5,000. Farkon 2024 ya haura 10,000. Kuɗin da aka ƙiyasta za su kai ni rufi, a linta suka ƙare. Abin da gwamnati ta rage min a ruwa, jiran takarda ya kwashe shi har da ƙari, kuma har gobe abin na ci min rai.

Duk mai niyya, ya fara neman C of O tun bai taka ƙofar banki ba, ko da ginin sai baɗi. Ya kuma tabbatar kuɗin da ake yanka suna shiga lambarsa ta asusun.

Masinjan ofishinmu ma ana yankar nasa duk wata. Takardar mai unguwa ce da shi, kuma ba shi da kuɗin safiyo. Ta ina zai shiga?