Kullun Goggo ya ƙi tashi

Yau ne sunan jaririyar Maryam, kuma hazon da ya rufe Katsina da safe ko bakin Ƙofar Ƙaura ba ka hangowa. Tun bayan asuba Goggo ta iso da robobinta. Ummi a kan tuyar nama, ni kuma 'yar aike da riƙon murfi, kamar kullum.

Kullu biyu Goggo ta kwaɓa, na alkubus da na fanke. Fulawa ɗaya, yis leda ɗaya, ruwan ɗumi tukunya ɗaya. Kafin hantsi na alkubus ya kumbura har yana tura murfi, na fanke kuwa yana kwance ko motsi. Sai Goggo ta hau faɗa: "Yis ɗin zamani duk jabu ne, wallahi an cuce mu." Na ce, "Goggo, ai leda ɗaya kuka raba biyu." Ta yi shiru, ta harare ni, ta ce, "To ke malama, mi ya hana shi tashi?"

Na ga sukarin da ta zuba, don ta ce fanken suna sai ya yi zaƙi dangin miji su san an yi. Shi ne na fara bayani, ina tsugune gaban roba. Yis abu ne mai rai, ƙwaya guda guda, kuma idan ya faɗa cikin kullun da sukari ya yi yawa, sukarin nan janye masa ruwan jiki yake yi, sai ƙwayar ta motse. A fatarta akwai masu jin wannan canjin, su ne ke miƙa saƙo daga furotin zuwa furotin har ya kai ga wani da ake kira Hog1. Cikin 'yan mintuna Hog1 ya shige cibiyar ƙwayar, inda kundin gado yake, ya sa a buɗe ƙwayoyin gado irin su GPD1, masu haɗa wani sinadari da ake kira gilisarol. Gilisarol ɗin ne ke taruwa a ciki ya jawo ruwa ya dawo. To duk lokacin da yis ke wannan aikin ceton rai, iskar da ke kumbura kullu kaɗan yake fitarwa. Bai mutu ba, hidimar gabansa ce ta sha masa kai.

Goggo ta ce, "Wato dai kamar baƙon da aka cika wa kwano har ya rasa ta inda zai sa hannu." Muka yi dariya. Ta jawo robar kusa da murhu, ta lulluɓe da tsohon bargon Baba, ta ce a bar shi ya huce.

Da ta tambayi na alkubus, nan ne na fi jin daɗi, don shi ne ɓangaren da nake so a darasinmu na ilimin ƙananan halittu a jami'a. Yis yana da ƙwayoyin gado wajen 6,000, an gama karanta jerinsu tun 1996, amma ba ya buɗe su gaba ɗaya. Muddin akwai gulukos, wato sukarin da yis ya fi so, wani furotin mai suna Mig1 yana zaune ya danne waɗanda ke sarrafa sauran nau'in sukari. Sai gulukos ya ja baya wani furotin mai suna Snf1 ya farka, ya sa Mig1 ya fice daga cibiyar, sannan yis ya waiwayi sukarin maltos ɗin da ke fitowa daga sitacin fulawa. Kullun da babu sukari sosai da maltos ɗin nan yake tashi. Abu ba ido, ba kunne, ba ƙwaƙwalwa, amma yana auna abin da ke kewaye da shi, ya zaɓi abin da zai buɗe da wanda zai rufe. Ikon Allah. Goggo ma cewa ta yi "Subhanallahi", sannan ta aike ni ɗauko matsami.

Ana cikin haka Yaya Sani ya shigo neman makullin babur. Ya tsaya ya ji ƙarshen maganar, ya ce, "Ashe duk kuɗin makarantar nan don ki san kullu ne." Ya yi dariya ya fita. Kowa ya yi dariya, har ni.

Amma maganar ta ƙi barina. Na san wasa yake, shi ne ma mai kai ni jami'a in motar haya ta yi wuya. Duk da haka tun azahar nake juya ta. Da a ce likitanci nake karanta babu mai cewa haka. Ƙananan halittu kuwa, kowa sai ya tambaye ka, "To a ina za a yi aiki da shi?" Kuma da yis ɗin nan na kullu aka gano abubuwa da yawa game da yadda ƙwayoyin jikin ɗan Adam ke rabuwa, har aka ba da lambar Nobel a kan haka a 2001. Na so in faɗa masa, sai dai ya riga ya tada babur, kuma wa zai tsaya jin Nobel ana suyar nama.

Fanken dai ya tashi dab da azahar. Ya yi zaƙi har ya so ya yi yawa, dangin miji sun cinye tas. Goggo ta ce bargon Baba ne ya yi aiki, ban yi musu ba.

Sunan yarinya Khadija. Atamfar anko ta zuba a wankin farko, Ummi na ta mita. Wuta ta zo bayan isha'i, na sa waya caji.

Yaya Sani ya dawo da daddare ya tambaya ko an ajiye masa fanke. Na ce ya ƙare. Akwai guda shida a langa ƙarƙashin gadona, kuma da shayin safe zan ci su.