Ƙara wa katin girafik gudu a garin da ake zafi

Duk wanda ya ce maka in ka yi obakulok, wato ka ƙara wa katin girafik ɗin kwamfutarka gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi, katinka zai koma sabo, wallahi daɗin baki yake maka. Abin da ake samu yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne, wato in gem yana ba ka firem 50 a sakan ka samu 54 ko 55, shi ke nan. Amma fa kyauta ne, kuma ga mai lallaɓa katin GTX 1660 Super irina firem biyar ɗin nan ba abin rainawa ba ne.

Abin ba wani siddabaru ba ne. Kamfani yana sa wa kati gudun da ya tabbata kowane ɗaya zai iya ɗauka, nawa 1785 MHz aka rubuta, amma ko ban taɓa komai ba da kansa yake haura 1900 in ya samu sanyi, to kai ɗan ragowar da ke sama da wannan kake nema. Kuma katuna ba sa fitowa iri ɗaya daga masana'anta, naka da na abokinka sunansu ɗaya kamfaninsu ɗaya amma nasa ya ɗauki abin da naka ba zai ɗauka ba, shi ya sa kwafo lambobin wani daga YouTube ba dabara ba ce sam.

Ni manhajar MSI Afterburner nake amfani da ita, kyauta ce kuma ba ruwanta da ko katinka na MSI ne ko na Gigabyte. Masu AMD ma ba sai sun wahala ba, abin yana cikin manhajarsu ta Adrenalin. Farko ka ja Power Limit har ƙarshe, sai ka koma kan Core Clock ka dinga ƙara MHz 15 15, duk ƙari ka kunna Unigine Heaven, manhajar da ke gwada ƙarfin kati ta ba shi maki, ka zuba ido. Da ka ga ɗigo-ɗigo masu launi suna yawo, ko hoto yana walƙiya, ko sukirin ya yi baƙi ya watso ka waje, toh ka wuce gona da iri, ka ja baya taki biyu ka tsaya nan. Wajen boltej kuwa ka bar shi yadda ka gan shi. Kuma don Allah kar ka danna maɓallin nan da ke sa saitin ya tashi tare da Windows sai ka gama gwaji.

Memori ita ce mai wayo. Kana ƙara mata 100 100 za ka ga komai lafiya lau, ba ɗigo ba faɗuwa, ka ɗauka ka yi sa'a, ashe kuskure take yi tana sake turo bayanan, sai maki ya fara sauka maimakon ya hau. Don haka rubuta makin kowane gwaji a takarda, inda ya daina hawa nan ne iyakarka ko da hoton bai nuna komai ba.

Yanzu ga inda namu ya bambanta. Masu gwajin da kake kallo a intanet a ɗaki mai sanyi suke zaune, kai kuma kana Kano a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, ɗaki kamar tanda. Katin Nvidia kuwa yana ɗumama yana rage gudu da kansa kaɗan-kaɗan, in ya kai wajen digiri 83 sai ya taka birki sosai, ka ga duk abin da ka ƙara zafi ya cinye. Shi ya sa kafin komai nake buɗe kes in hure ƙurar da hunturu ya cusa a fanka, wani lokacin za ka tarar ta dunƙule ta toshe ƙarafunan shan iska gaba ɗaya, in kuma katin ya kwana biyu a canja masa man nan da ake shafawa tsakanin cif da ƙarfen sanyaya. Wannan kaɗai sai ya fi obakulok ɗin amfani. Musamman in na hannu ka saya, don tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da kati a Satumban 2022 kasuwa ta cika da irin su RX 580 da suka yi shekaru suna aiki dare da rana, ga shi wat 185 yake ja tun ba a taɓa shi ba, in fawa sufulai ɗinka mai araha ne ko a kan inbata kake, ni dai ba zan matsa masa ba.

A gaskiya ma lokacin bazara rage boltej ya fi min. A Afterburner ka danna Ctrl da F, jadawali zai fito, ka zaɓi wajen 900 mV ka ɗaga shi zuwa gudun da kake so ka miƙar da layin daga nan, gudu kusan ɗaya amma zafi ya ragu, fanka ta daina ihu. Masu laftof su ma wannan ya fi dacewa da su.

Kuma wucewa Heaven ba shi ne tabbaci ba, sai ka zauna ka buga gem ɗinka na gaske na awanni, akwai saitin da zai ci gwaji lafiya ya zo ya faɗi a tsakiyar wasa. Ni saiti biyu na ajiye, mai ƙarin gudu na lokacin sanyi, da mai ragin boltej da nake komawa kansa daga Maris har ruwa ya sauka.