Yini guda a Sant-Emiliyon, garin inabi mai rami a ƙarƙashi

Ni dai ba mashayin giya ba ne, don haka da abokin karatuna a birnin Bordo na ƙasar Faransa ya ce mu je Sant-Emiliyon ranar Asabar, sai na tambaye shi me zan je yi a garin da duniya ba ta san shi da komai ba sai kwalba. Ya ce ai ni ɗan manomi ne, in je in ga gona. Da haka ya ci galabata.

Muka shiga jirgin ƙasa da safe, a tsakiyar watan Satumba. Tafiyar ba ta kai minti 40 ba. Bayan mun ƙetare kogin Dordon muka wuce garin Liburn, sai gidaje suka yi baya, layukan inabi suka miƙe hagu da dama kamar an ja su da igiya. Tashar tana ƙasa a kwari, garin kuma yana can kan tudu, sai muka taka sayyada wajen minti 20, gonaki na rakiyarmu har bakin ganuwa.

Abin da ya fara ba ni wahala shi ne hanyoyin cikin gari. Gangara ce mai tsayi, an shimfiɗe ta da duwatsun da sawun mutane ya goge har suna sheƙi. Na sa takalmin fata mai santsi, ina ganin na yi kwalliya. Ban yi taku goma ba na zame, na cafki ƙarfen da aka kafa a tsakiyar hanya, wata tsohuwa da ke hawowa da kwandonta ta dube ni ta yi murmushi ta wuce abinta. Mutanen wurin suna cewa wasu daga cikin duwatsun nan jiragen ruwan Ingila ne suka zo da su don su danne jirgi, su sauke su, su loda gangunan giya su koma. Ko ma dai yaya ne, alaƙar garin da Ingila ta daɗe: a 1199 Sarki Jon na Ingila ya ba mutanen garin izinin gudanar da harkokinsu ta hannun wata majalisa da ake kira Jurad, kuma yankin bai fita daga hannun Ingilishi gaba ɗaya ba sai bayan yaƙin Kastiyon a 1453, 'yan kilomitoci kaɗan daga nan. An farfaɗo da majalisar a 1948. Har yau 'ya'yanta kan sa jajayen alkyabbu su hau tsohuwar hasumiyar sarki su shelanta cewa kaka ta yi, a fara yankan inabi.

Sunan garin kuwa na wani mai ibada ne, Emiliyon, wanda ya taso daga yankin Biritani na arewa maso yammacin Faransa a ƙarni na 8, ya zo ya zauna cikin kogo yana kaɗaici. Mabiyansa ne suka taru har wurin ya zama gari. Mun biya kuɗi muka bi mai rakiya, domin ba a shiga kogon sai da shi, kuma ba a ɗaukar hoto. Bayan kogon sai ya buɗe wata ƙofa, sanyi ya buge mu. Majami'a ce sukutum, amma ba gina ta aka yi ba, ƙwaƙule ta aka yi daga cikin dutse guda a farkon ƙarni na 12, tsawonta mita 38, bisanta mita 12. Na tsaya ina kallon sama ina lissafin yawan gatari da kafaɗun da suka ƙare a nan. Ginshiƙan an ɗaure su da ƙarafa, saboda daga baya an ɗora hasumiyar ƙararrawa a kanta, nauyin ya nemi ya fi ƙarfinsu.

A nan na gane cewa garin duka kamar gidan tururuwa yake. Farin dutsen da aka gina gidajen da shi, da ma wani sashe na gine-ginen Bordo, daga ƙarƙashin ƙafafunmu aka haƙo shi, aka bar ramuka masu nisan gaske suna ratsa tudun. Da aka daina haƙar, masu giya suka gaji ramukan, tunda ba zafi ba sanyi duk shekara, suka jera gangunansu. A wasu wuraren har ana ganin saiwar inabi ta huda dutsen daga sama ta leƙo.

Na hau hasumiyar ƙararrawar, matakala 196, ina haki. Daga sama ake ganin yadda garin ya kwanta cikin lungun tudu kamar ƙwarya, jajayen rufi a cunkushe, bayansu kuma kore har iyakar gani. Hukumar UNESCO ta sa garin da gonakinsa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Amma mazauna ba su kai 2,000 ba, kuma a ganina baƙi sun fi yawa a titi. Shago na bin shago duk kwalabe ne. Wurin sayen gishiri ko sabulu sai ka nema. Wannan bai burge ni ba. Abin da na saya shi ne makaron, wani ɗan fanke busasshe da ake yi da almon da sukari da farin ƙwai, manne a jikin takarda. An ce mata masu zaman ibada ne suka fara yin sa a nan tun 1620. Na tambayi mai shagon ko da giya a ciki, ta ce babu ko ɗigo.

Da azahar na bar abokina wajen ɗanɗane-ɗanɗanensa, na fita bayan gari neman inda zan yi salla. A gefen wata gona na tarar da 'yan ƙwadago sun zauna a inuwar mota suna cin burodi. Wani dattijo ɗan Maroko ya ga ina waige-waige, ya gane, ya miƙo mini gorar ruwa.

"Ga gabas can, ɗan'uwa," in ji shi.

Da na idar muka zauna. Ya ce duk shekara yana zuwa ci-rani lokacin yanka. Ya nuna mini ɗan almakashinsa, yatsunsa sun rine sun yi baƙi. Na tambaye shi wani kumburi da na gani a gindin kowace bishiya, dab da ƙasa.

"Aure ne," ya ce. "Gindin na Amurka ne, saman na Faransa."

Nan take na tuna mangwaro mai aure na gonar mahaifina. Ashe a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo daga Amurka ya kusa gamawa da inabin Faransa kaf, kuma maganin da ya tsaya shi ne a aura irin gida a kan gindin Amurka wanda ƙwaron ba ya kashewa. Ya debo ƙasa ya murza mini: a nan kan tudu farar ƙasa ce da yumɓu, irin inabin da ake kira Merlo shi ya fi son ta, in ka gangara wajen kogi sai yashi da tsakuwa, farashin gonar ma ya sauka.

Na ce to me suke tsoro, tunda ba fari? Ya yi dariya ya ce, "Sanyi, Malam." A watan Afrilu, lokacin da tsiro ya fito, in dare guda ya daskare, shekara ta tafi. Haka aka yi a 2017 da 2021. Manoma kan kwana a gona suna kunna manyan kyandirori cikin gwangwani tsakanin layuka don su ɗumama iskar. Sai kuma ruwan ƙanƙara da bazara, wanda kan yi kaca-kaca da gona cikin minti goma.

Shugabansu ya tafa hannu, kowa ya miƙe. Kafin ya tafi dattijon ya yanko mini nono guda na inabi. 'Ya'yan ƙanana ne, baƙaƙe, fatar da kauri, ga ƙwallo a ciki, amma zaƙin ya fi duk wanda na taɓa saye a kasuwa. Na riƙa tsinka ɗaya bayan ɗaya ina gangarowa tasha a hankali, ina lura da inda nake sa ƙafa.